Ladan Bayan Azahar

Shekarar da maigidana ya ajiye tuƙin mota, muka kwashe komatsanmu daga Mayahi muka koma ƙauyensu, can gefen Attantane. Maƙwabtana na gari sun yi ta yi mini jaje, sai ka ce kurkuku za a kai ni. Ni kuwa dariya nake yi a ciki. 'Yar ƙauye ce ni tun asali. Na gaji da sayen kuɓewa ƙwaya-ƙwaya a kasuwa, na gaji da gidan haya, inda ko akuya ka ɗaure sai mai gidan ya zo yana leƙe-leƙe yana tsaki. Abu guda nake ɗoki, shi ne a ba ni gamana.

A wajenmu gona iri biyu ce. Akwai gandu, babbar gonar gida, wadda maza da mata ke yi wa aiki tare, hatsinta kuma shi ke cika rumbun da ake ci duk shekara. Akwai kuma gamana, ɗan yankin da ake ware wa mace ko saurayi, abin da ya fito ciki nasa ne, ba mai tambayarsa ina ya kai. Yini ma haka aka raba shi. Daga safe zuwa azahar na gandu ne. Da an yi sallar azahar, kowa ya saɓa hauyarsa ya nufi tasa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, haka na buɗe ido na ga uwata tana yi.

Surukata, tsohuwar da ta haifi maigidana, ita ta ba ni tata gamanar. Ƙafafunta sun riga sun gaza, amma kafin ruwan farko ta sa aka ɗora ta a amalanke muka je tare. Da sandarta ta nuna mini iyaka, daga gawon nan zuwa kalgon can.

Ta ce, “Tun ina amarya nika noman wurin ga. Ƙanen mijinki ya daɗe yana so a haɗe shi da gandu, don bakuna sun yi yawa gidan ga, kuma bai yi ƙarya ba. Ni na ce a dakata a ga hannunki. In kin riƙe ta, taki ce. In ciyawa ta cinye ta, ta koma gandu, ba ni da sauran bakin magana.”

Na ce, “Inna, in Allah ya yarda ba za ki ji kunya ba.”

Ta ce, “Ba ni za ki hwaɗa ma ba, ciyawa za ki hwaɗa ma.”

Da ruwa ya sauka na shuka riɗi a tsakiya, wake a gefe, na zagaye iyakar da yakuwa. Ranar da riɗin ya fara leƙowa, siriri-siriri, na daɗe a tsugune ina kallonsa. Rabona da abin da zan ce nawa ne ni kaɗai tun ina gidanmu.

Sai in faɗi halin maigidana, don ba a gane abin da ya faru sai an san shi. Mutum ne mai sanyi, mai son gaskiya har ta yi masa yawa, kuma ba ya rabuwa da agogon hannu ko zai shiga wanka sai ya ajiye shi inda zai riƙa hango shi. Ya yi shekaru yana tuƙa motar wani biro, wato ofis. A faɗe, aiki yana tashi da yamma. A aikace kuwa, direba ba ya tashi sai wanda yake tuƙawa ya ga dama. Yau a ce a kai wani gaisuwar mutuwa, gobe a ce a jira a ƙofar wani gida har a gama hira. Akwai kuɗin da ya kamata a biya mutum in ya wuce lokacin tashi, su a can suna ce masa er sif, shi kuma in zai faɗi kalmar sai ya tsuke baki yadda ya ji manyansa na yi. Kullum sai a ce za a duba, wani lokaci a ba shi daga baya, sau da yawa a manta. Ranar sunan 'yarmu ta fari ma, da sassafe aka aiko wai a je Tasawa a dawo yanzu-yanzu. Bai dawo ba sai da aka watse, aka share tsakar gida. Ɗan soyayyen naman da na ɓoye masa a kwano shi ne rabonsa na sunan.

Wannan abu ya tsaya masa a rai. Ya sha gaya mini, yana cire takalmi a gajiye, “Wallahi duk ranar da Allah ya sa wani ya yi aiki ƙarƙashina, ba ni cin guminshi ko na minti guda. Wanda ya wuce lokaci, sai na biya shi.” Ni kuma in ce amin, in miƙa masa ruwa. Ban taɓa zaton ni ce zan fara karɓar wannan biya ba.

Da muka koma gida, shi ne babba, don haka ƙanensa ya sakar masa ragamar gandu. Damina ta zo da kyau a shekarar, har ta so ta yi yawa. Ruwa ya yi ta zuba a jere, ba ya barin ƙasa ta sha iska, kuma duk manomi ya san abin da ke biyo bayan haka. Ciyawa ta taso gaba ɗaya. Harƙiya da ƙarangiya suka yi wa hatsin gandu rumfa, mu kuwa hannuwa kaɗan ne. Samarin gidan sun tafi ci-rani ba su dawo ba, matar ƙanen tana jego. Saura ni, da shi, da ƙanensa.

Wata rana muka idar da sallar azahar a gindin aduwa, na saɓa hauya zan wuce, sai ya dubi agogo ya yi gyaran murya.

“Dan Allah ku ƙara mini haƙuri yau, mu kai la'asar. Kun dai ga yadda hatsin ga ya koma.”

Na gani, don haka ban yi musu ba. Hatsin nan shi za mu ci. Muka ci gaba da tura hauya har rana ta yi sanyi. Da muka zo tashi, sai ya sa hannu a aljihu, fuskarsa tana wani irin haske, ya ciro tsabar kuɗi. Ya miƙa wa ƙanensa guda, ya miƙo mini guda.

Ƙanen ya juya ta a tafin hannu ya ce, “Yaya, wanga na mine ne?”

“Er sif ɗinku ne. Kun wuce lokaci.”

Ƙanen ya fashe da dariya har yana dafa hauya. Tun da aka haife shi bai taɓa jin an biya ɗan gida a gandun ubansa ba. Amma ya jefa ta aljihu, ya ce ta shayi ta samu. Shi ba abin da ya dame shi, hatsi ya shuka a tasa gamanar, hatsi kuwa yana jure ciyawa na ɗan lokaci. Ni ma na karɓa na ƙulle a bakin kallabina. Yadda na ga mutumin nan yana murna, ya cika alkawarin da ya ɗauka wa kansa shekara da shekaru, ba zan iya ɓata masa ba. Har na ce masa Allah ya ƙara buɗi.

Kashegari ma haka. Wanshekare ma haka. Abin da aka fara da sunan yau kaɗai ya zama al'ada, kuma tunda yana biya, zuciyarsa wasai take, bai ga abin da ya ci wa kowa ba. Ƙullin kallabina yana ƙara nauyi, ni kuwa in na iso gamanata rana ta kusa faɗuwa, bayana ya ƙage, ga tuwo yana jira a gida. In tura hauya layi biyu, in ɗauki itace in wuce. Riɗi ba hatsi ba ne. Yana ƙarami ba shi da ƙarfin ture kowa, ciyawa na rufe shi sai ya yi rawaya ya sirance ya kwanta.

Na ce to, tunda kuɗi aka ba ni, bari in sa kuɗin su yi aiki. Na zaga ƙauye neman 'yan ƙodago. A tsakiyar noman fari, wa zai kula ni? Wanda bai tafi ci-rani ba yana fama da tasa gonar, 'yan kaɗan da ke ƙodago kuwa masu shanu sun riga sun kama su tun kafin ruwa. Wani ma da na tare shi a bakin rijiya cewa ya yi in bari sai bayan maimai, wato noma na biyu. Na ce masa bayan maimai ai sai dai ya zo ya taya ni zaman makoki.

Ana cikin haka tsohuwa ta sa aka kai ta gamanar ba tare da na sani ba. Da yamma ina tankaɗe a tsakar gida ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Na je wurin naki. Ciyawar ta yi kyau ƙwarai. Riɗin ne dai ban gani ba.”

Na sunkuyar da kai. Raina ya yi baƙi ƙirin. Tsoro ya kama ni na gaske, don na san ba za ta janye maganarta ba, kuma ba ta da dalilin janyewa. Gonar da ta riƙe tun tana amarya za ta salwanta a hannuna cikin damina guda, a ce 'yar birni aka ba.

Washegari da azahar maigidana ya dubi agogo, ya buɗe baki zai ce a ƙara haƙuri. Ban bari ya ƙarasa ba. Na saɓa hauya na ce, “Malam, taho ka ga wani abu.” Ban taɓa yi masa magana da wannan murya a gaban ƙanensa ba, shi ya sa ya ajiye hauyarsa ya biyo ni.

Da muka isa gindin gawon, ya tsaya yana dube-dube, yana neman inda gonar take. Ni kuwa na kwance kallabi, na warware ƙullin, na watsa kuɗin nan cikin ciyawa.

“Ga su nan. Ka hwaɗa musu su tashi su yi noma.”

Ya ce, “Subhanallahi! Mi ya yi zahi haka? Ni da nika biyanki hakkinki? An ci nawa, na rantse ba ni cin na kowa, shi ne laihina?”

Na ce, “Ni ba kuɗɗi ka ɗauka mini ba, balle ka maido mini kuɗɗi. Yammata ka ɗauka. Riɗin ga bai san dala ba, hauya ya sani.” Da na tsaya nan da ya isa, amma bakina in ya buɗe ba ya rufuwa da wuri. Na ce, “Ranar sunan ɗiyarka, da sun biya ka er sif ɗin nan cif, da ka ga sunan?”

Na ga maganar ta shige shi har ƙashi, ni ma na san inda na taɓa. Ya tsuguna ya shiga tsince kuɗin ɗaya bayan ɗaya cikin ƙarangiya, yana hure musu ƙasa. Ya kamo hannuna ya zuba mini, ya juya ya tafi. Na yi noma ranar ina share hawaye da gefen zane, rabi na tausayinsa, rabi na tausayin riɗina.

Da magariba bai ci tuwo sosai ba. Ya ɗauki tabarma ya je ƙofar ɗakin uwarsa ya zauna. Ina madafi ina kankare tukunya, kuma ba zan ce ban kasa kunne ba. Na ji yana ba ta labari ƙasa-ƙasa, yana tambayarta ko a zamaninsu ba a taɓa riƙe mutane a gandu bayan azahar ba.

Ta ce, “Ana yi mana. Wace damina ce ba a yi? Ubanka ya sha riƙe ni har la'asar.”

“To mi yaka ba ki?”

“Mi zai ba ni? In ya ci mini yamma, yamma yaka biya na. Ya ɗauko hauyatai ya zo gamanata ya rama mini. Kai dai ka daɗe cikin mota, shi ya sa.”

Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ji tsohuwa ta yi 'yar dariya, ta ce ya miƙo mata butarta.

Da gari ya waye muka yi aikin gandu. Azahar na yi ya dubi agogo ya ce, “An tashi.” Na kama hanya ni kaɗai. Na fara layin farko ke nan, sai na ji ƙarar wata hauya tana shiga ƙasa a bayana. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan yi dariya ko in yi kuka, kuma ba na son ko ɗaya. Na dai ce, ba tare da na dube shi ba, “A yi a hankali, mai siririn ganyen nan shi ne riɗin.” Ya ce ya sani. Bai sani ba, don sai da ya sare mini kusan rabin layi kafin idonsa ya saba.

Gamanar tana bakin hanyar da ake bi zuwa kasuwa, saboda haka ba a daɗe ba aka gan shi. Wasu abokan wasansa suka tsayar da amalanke suna ihu.

“A'a! Direba, an sauya maka patoro ne, ka yi sabon ubangida? Sannu mijin-ta-ce!”

Ya ɗago, gumi na zuba, ya ce, “Ramuwa nika yi. Ku wuce kar kasuwa ta watse.” Ya mayar da kai ya ci gaba. Na san maganar ta sosa shi, don mutum ne mai jin kunya, amma ko layi bai bari ba. Hannun da ya saba da sitiyari ya riga ya yi bororo tun a gandu, ranar sai da ya naɗe shi da tsumma.

Da rana ta yi sanyi muka zauna gindin gawo muna shan sauran fura. Sai shaiɗancina ya motsa. Na kwance kallabi, na zaro tsaba guda, na miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

“Malam, ga er sif ɗinka. Ka wuce lokaci.”

Ya dube ni, ya dubi kuɗin. Sai ya tuntsire da dariya har fura ta sarƙe shi, na shiga bubbuga masa baya. Ya karɓa kuwa, ya sa a aljihun gaba, ya ce wannan ne karo na farko da aka biya shi ba tare da an ce za a duba ba.

Ya yi ta zuwa har ya rama duk yammacin da ya ci mini. Ƙanensa ma ya biyo shi wata rana, wai ya ji labarin ana biya a nan, ya zo ya ga ko da gaske ne. Na ce masa shi tuwo ne ladansa, kuma sai ya gama layinsa. Ya yi noma sosai, har na ji kunyar zargin da na yi masa a raina, na cewa yana jiran gonar ta faɗi. Bayan an gama da tawa, maigidana ya je ya rama wa ƙanen nasa shi ma.

Ba duka aka ceto ba. Gefen kalgo, inda ruwa ke kwanciya, ciyawa ta riga ta gama da shi, ko kara ban samu ba a wurin. Amma sauran ya farfaɗo, ya yi fure fari-fari, ya ɗauki 'ya'ya. Da kaka na yanke, na ɗaure, na jingine shi tsaye ya bushe. Ranar da zan kakkaɓe a tabarma, tsohuwa ta ce a kai ta, kuma ta ce ƙanen maigidana ne zai ja amalanken.

Ta sa aka sauke ta a gindin gawo. Ta ɗebi riɗin a tafin hannu, ta hure, ta zuba a baki tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta daɗe tana kallon gefen da ya mutu. Sannan ta ɗaga sanda ta dubi ƙaramin ɗanta.

“Kai, ka gani? Daga gawon ga zuwa kalgon can. Ko bayan raina, ba ta shiga gandu.”

Ya ce, “Na ji, Inna.”

Ni kuwa na durƙusa na kama ƙafarta, ta ture ni da sanda ta ce in tashi kar kaji su cinye riɗin.

Tsohuwa ta rasu damina biyu bayan haka, Allah ya jiƙanta. Gamanar tana hannuna har yau, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu da na mallaka kamar yadda nake jin daɗinta ba. Daga cikinta na yi awaki, daga cikinta nake aika wa 'yata man riɗi da yakuwa can gidan mijinta. Sauran kuɗin er sif ɗin tuni suka tafi a gishiri da sabulu, amma tsabar nan guda ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. In ya riƙe ni a gandu ya ba ni ita, in ya zo ya rama in mayar masa. Ta yi ta kai da kawowa tsakanin aljihunsa da kallabina har rubutun jikinta ya fara shafewa.

Yanzu bayansa ya hana shi riƙe hauya, gandun ma samari ne ke yi. Duk da haka, da an yi azahar sai ya ɗaura agogonsa ya biyo ni, ya shimfiɗa buhu a gindin gawo ya zauna yana kora mini awakin mutane, yana gyara mini layin da ban karkata ba. Da rana ta yi sanyi sai ya dubi agogo, ya miƙo hannu. In ce masa, “Malam, yau mi ka noma?” Ya ce shi dai ya wuce lokaci. Sai in kwance kallabi in ba shi. Da safe in tarar ya ajiye mini ita a kan murfin tulu, don in samu abin biyansa da yamma.